Rijiyar Inna

Shafi na 23

Masu cika min waya da "wai ina baƙuwar Ingila, ko ta fasa zuwa ne?" to ga ta nan ta sauka, sai ku shimfiɗa mata tabarma. Ku kuma 'yan matan da kuke ta rubuto min cewa Yaya Badamasi irin mijin da kuke roƙo ne, ku ƙarasa shafin nan tukuna, sai mu gaisa.

*

Mafarkin dai shi ne, ko ɗigo bai sauya ba.

Inna ce tsaye a ƙarƙashin wata darbejiya mai rassa biyu, ta yafa farin mayafinta na zuwa Idi. Ruwa yana ta zuba a gabanta, garai-garai, har yana jiƙa mata ƙafa. Amma ƙwaryar da ke hannunta a bushe take ƙayau.

"Inna, ga ruwa nan, ki tara mana."

Ta tara. Ruwan ya kauce wa ƙwaryar, ya bi ƙasa.

Kallon Surayya kawai take, irin kallon da take yi mata da, idan ta aike ta kasuwa ta daɗe.

Motar ta faɗa rami, kan Surayya ya bugi gilashi, ta buɗe ido a firgice tana salati.

Sun baro Kura a baya, sun sauka daga kwalta sun kama hanyar da ke bin gefen kanal. Hagu da dama shinkafa ce kore shar har inda ido ya gaji. Rana ba ta gama ɗagowa ba, tururin raɓa yana tashi a hankali daga gonaki, balbelu sun jeru a kan kunya kamar an shanya fararen kaya. Surayya ta daɗe tana kallo, ta kasa rabe inda mafarkin ya ƙare da inda safiyar ta fara.

Ta zaro wayarta, ta kalli hoton da ke fuskarta. Kullum haka take yi in ta yi mafarkin nan, don zuciyarta ta kwanta.

Famfo ne, da hannayen yara suna tarar ruwa, da allon ƙarfe mai ɗauke da sunan Inna.

Bayan rasuwar Inna, Surayya ta sayar da rabon gadonta kaf, ɗan filin nan na Kumbotso, ta danƙa wa Yaya Badamasi kuɗin. Shi ne shugaban reshen Kano na ƙungiyar agajin Musulunci da ke Ingila, wadda ke haƙa rijiyoyin burtsatse sadakatul jariya. Mutum ya biya, a haƙa, a kafa allo da sunan mamacinsa, a tura masa hoto. Ta ce a yi wa Inna tata. Ya yi hawaye ranar, ya sa mata albarka. Da aka gama ya turo mata hoton nan, ya ce rijiyar tana can wani ƙauye mai nisa, hanyar ba tsaro, in an samu lafiya zai kai ta.

To in dai an haƙa, me ya sa ƙwaryar Inna ta ƙi jiƙa?

"Auta, kin tashi?"

Yaya Badamasi ne, yana kallonta ta madubi. Yau da kansa yake tuƙi, ya ba direba hutu. Kusa da shi Dakta Fa'iza ce, 'yar kwamitin amintattun ƙungiyar, haihuwar Ingila, wadda aka turo ta ga aiki da idonta. Ko "sannu" ba ta iya da Hausa ba sai jiya.

"Na tashi, Yaya."

Ya yi murmushi mai faɗi, irin wanda zai sa baƙuwa ta ɗauka hirar yanayi suke.

"Ki saurare ni da kyau. Na farko, yau ba Yaya. Yallaɓai za ki ce."

"To."

"Ba ta san uwarmu ɗaya ba. Ni Badamasi Abdulsamad, ke Surayya Amiru, a takarda ba abin da ya haɗa mu. Da ta sani ba za ta zaɓe ki tafinta ba."

"Na gane."

"Na biyu, mutanen ƙauye bakinsu ba linzami. Ki tace. Mai daɗi ki miƙa mata, mara daɗi ki haɗiye."

Surayya ta ji wani abu ya tsaya mata a wuya.

"Akwai mara daɗi ne, Yaya?"

"Ba aikin da ba shi da ƙura. Amma matar nan in ta koma ta rubuta layi ɗaya, sun rufe reshen Kano. Ni in tafi gidan yari, mutanen nan su koma shan ruwan kanal. Kin ji ko?"

"Na ji."

Dakta Fa'iza ta juyo, ta tambaya da Turanci me suke cewa.

"Ina gaya mata bana shinkafa ta yi kyau," in ji Yaya Badamasi.

Ta gyaɗa kai tana kallon gonakin. Ta ce ita tun tana yarinya babanta yake ba ta labarin ladan shayar da ruwa. Ta ce akwai tsofaffi a unguwarsu da ke tara 'yan canjin fansho shekara da shekaru don a haƙa wa iyayensu rijiya, kuma ita ce ke sa hannu a ƙarshen shekara cewa kuɗinsu ya je inda suka ce.

"Hukuma tana tambayarmu sau ɗaya a shekara," ta ce. "Wannan ba ya hana ni barci. Ɗayar tambayar ce ke hana ni."

Ba wanda ya ce mata wacce. Motar ta yi shiru har suka shiga Unguwar Dattijo.

*

Guɗa ce ta tare su. Mata sun fito da sababbin atamfofi, yara an wanke su tas an shafe su da mai, mai unguwa ya sha rawani da sassafe kamar ranar naɗi. Ni kuwa na ce, wannan shiri ba na jiya ba ne.

Surayya ta sauko daga mota, ƙafarta ta taɓa ƙasa, sai ta tsaya cak.

Ta taɓa zuwa nan.

A'a, ba ta taɓa ba. Ita aikinta a ofis yake, fassara rahoto da amsa saƙo, yau ce ranarta ta farko a ƙauye. Amma ƙamshin shinkafar da ake turarawa a bayan gidaje, da ƙarar ruwa a kan siminti, da inuwar nan da ta faɗo a karkace, duk jikinta ya san su.

Ta ɗaga kai. Tanki ne a sama, sabon fenti shuɗi har yana ƙyalli. Faifan sola a gefensa. Famfo a ƙasa, da allon ƙarfe mai sunan wani dattijo baƙo.

A bayansu kuma darbejiya, mai rassa biyu.

Ta runtse ido ta buɗe. Tana nan.

"Darbejiya ai ko'ina akwai," ta faɗa a ranta. "Surayya ki nutsu."

Dakta Fa'iza ta buɗe famfo, ta tara hannu ta sha, ta yi hamdala. Ta duba allon, ta duba wayarta, ta gyaɗa kai. Yaya Badamasi ya sauke ajiyar zuciya har sai da babbar rigarsa ta motsa.

Sai ta ce tana so ta zauna da mata, su kaɗai.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiyar. Maza suka ja gefe. Yaya Badamasi ya jingina da mota, nesa kaɗan, daidai inda kunne zai kai.

Matan suka tura Gwaggo Talatu gaba. Ita ce shugabar masu turara shinkafa, gidanta ne jikin famfon, ita ke share wurin kullum ba wanda ya sa ta. Tsohuwa ce 'yar firit mai yawan dariya, hannayenta duk tabon tukunya.

"Ki tambaye ta, me ya sauya tunda aka yi rijiyar?"

Surayya ta fassara.

"Yo 'yar nan, me ma bai sauya ba?" in ji Gwaggo. "Da ruwan kanal muke sha, wanda ya wanko taki da maganin ciyawa. Yaranmu fitsarin jini kamar gado. Yanzu fa? Dubi jikokina, har sun fara rashin kunya saboda ƙoshin lafiya."

Mata suka kwashe da dariya. Surayya ta miƙa wannan yadda yake, don mai daɗi ne. Idon Dakta Fa'iza ya ciko.

"Ki ce mata, iyalan mai rijiyar nan ba abin da suke so sai addu'a. Suna yi masa?"

Surayya ta fassara.

Gwaggo ta karkata kai.

"Wanne daga ciki?"

Iska ta kaɗa, 'ya'yan darbejiya suka zubo a kan tabarma. Surayya ta ji kamar daga nesa ake maganar, kamar ta cikin ruwa.

"Gwaggo, mai sunan da ke jikin allon."

"Wannan ai baƙo ne, shekaranjiya ya zo. Ban ma gama riƙe sunansa ba. Amma kar ta damu, yana cikin layi. Duk wanda aka kawo mana, ba ma ware shi."

"Me ta ce?" in ji Dakta Fa'iza.

Surayya ta saci kallon mota. Yaya ya daina murmushi.

"Ta ce... suna yi wa kowa addu'a."

Ba ƙarya ba ce. Amma Surayya ta ji ɗacinta a harshe, don ta san rabin magana ta haɗiye.

Gwaggo kuwa ta samu abin da take so, wato mai saurare.

"Ki gaya wa baiwar Allah nan, mu ba butulu ba ne. Duk sanda Alhaji ya zo da masu fenti, ya kawo sabon suna, ya tara mu a ɗauki hoto, mukan ce amin da zuciya ɗaya. In sun tafi da kwana biyu a zo a cire, a sa wani. To ni abin da ya dame ni, yaran aikinsa ba su da tarbiyya."

"Gwaggo..."

"Bari in gama. Sai su cire allo su wurga bayan tanki, cikin ciyawa. Allo mai Bisimillah a samansa! Awaki na takawa, kaji na yin abin da suka saba. Wani ma a cikin kanal na tsamo shi. Na ce a'uzubillahi, ba a gabana ba. Sunan Allah a ƙasa, ga sunan mamaci a jiki? Ai ko takardar ƙosai ce, in da sunan Allah a kai, ɗagawa ake."

Matan suka amsa, "Wallahi kuwa."

"Sai na riƙa kwashewa. In wanke, in goge, in naɗe. Suna can saman ɗakina, inda nake ajiye Alƙur'anin Malam. Bari ma in ɗauko ta gani, ta san ba mu wulaƙanta mutanensu ba."

Ta dafa gwiwa ta miƙe.

Kafin ta yi taku biyu Yaya Badamasi ya iso bakin tabarma.

"Gwaggo, bar shi kawai. Rana ta yi, baƙuwa za ta wuce Bunkure."

"Haba Alhaji, ɗakina ga shi ga shi. Kai ma ba ka taɓa gani ba, na so in ba ka mamaki."

"Gwaggo na ce ki bari!"

Ta dube shi sama da ƙasa, irin duban da tsohuwa ke yi wa yaron da ya manta ita ta girmi uwarsa.

"Ikon Allah. Abin alheri ne fa."

Ta shige gida abinta.

Dakta Fa'iza ba ta jin Hausa, amma tsawa ba ta buƙatar tafinta.

"Surayya, ina za ta je?"

"Za ta... ɗauko wani abu."

"Mene ne?"

"Ban sani ba."

Wannan kam ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce.

*

Gwaggo ta fito rungume da ƙunshi a cikin farin ƙyalle, tana tafe a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ta ƙi ajiyewa a kan tabarma sai da aka kawo turmi aka kifa, aka ɗora faifai a kai.

Ta kwance ƙullin.

Alluna ne, tari guda, an goge su har suna ɗaukar ido. Ƙamshin turaren wuta ya tashi daga jikinsu.

Ta fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, tana miƙa wa Dakta Fa'iza da hannu biyu.

"Wannan ranar Litinin nake masa, don ranar aka kawo shi. Wannan mace ce, sunanta ya fi ƙarfin bakina, sai nake ce mata Hajiya Doguwa. Allah ai ya san wadda nake nufi. Wannan yaro ne, Alhaji ya ce hatsarin mota ya yi, shi har ƙosai nake sadaka don shi."

Dakta Fa'iza tana karɓa tana karantawa. A allo na uku hannunta ya fara rawa. Ta san sunayen. Ita ta sa hannu a kan kowannensu, kowanne da ƙauyensa daban.

Yaya Badamasi ya durƙusa kusa da Surayya, ya yi ƙasa da murya, da Hausa.

"Ki ce tsofaffin alluna ne na rijiyoyin da suka lalace. Aka kawo nan ajiya."

"Yaya, rijiya ɗaya ce?"

"Ki faɗi abin da na ce."

"Rijiya ɗaya ce, kuke sauya mata suna?"

Ya share gumi da bakin hularsa.

"Ke yarinya ce. Kin san sau nawa injin nan ya ƙone? Sau nawa aka sace waya? Na rubuta musu na gaji, a ba mu kuɗin gyara. Suka ce babu, kuɗin haƙa na haƙa ne, ba a taɓawa. Kowa so yake a sa sunan uwarsa a sabuwar rijiya, ba mai son a sa shi a gyaran famfo. Rijiyoyin da na haƙa da gaske rabi sun mutu a tsaye. Wannan ita ce ba ta taɓa kwana ba ruwa ba. Da me kike tsammani?"

"Duka a gyara suka tafi?"

Bai amsa ba.

"Yaya, duka?"

"Auta, ba nan ne wurin maganar ba."

Gwaggo ba ta ma san ana yi ba. Ta kai ƙasan tarin, ta ɗago na ƙarshe, wanda ta naɗe shi daban a cikin ɗankwali.

"Wannan kuwa ita ce ƙawata," ta ce, fuskarta ta yi haske. "Duk cikinsu ita kaɗai ce 'yar ƙasarmu. Ranar da aka kawo ta Alhaji bai tsaya an yi guɗa ba, hoto ɗaya aka ɗauka ya shige mota. Kwana ɗaya tak ta yi a jikin famfo, baiwar Allah. Na ce to, tunda ba ki daɗe a waje ba, ki daɗe a ɗakina. Kullum na idar da asuba da ita nake farawa."

Ta juyo da allon.

"Asta 'yar Hambali."

Surayya tunda aka haife ta ba ta taɓa furta sunan nan da bakinta ba. Ɗa ba ya kiran sunan uwa. Ko a makaranta in an tambaya, rubutawa take. Yau ga shi a bakin wata tsohuwa, a ƙarƙashin darbejiya mai rassa biyu.

Ta zaro wayarta. Hannayen yara, famfo, allo. A can kusurwar hoton, inda ba ta taɓa kula ba, ga gindin bishiya ya rabu biyu.

Ƙarar ruwan famfon ta cika mata kunne. Ta ga farin mayafi a gefen idonta, ta juya da sauri. Ƙyallen Gwaggo ne iska ke kaɗawa.

Ta miƙa hannu. Gwaggo ta ba ta allon, tana kallonta da mamaki.

"'Yar nan, lafiya? Kin san ta ne?"

Surayya ta rungume shi a ƙirji. Ƙarfen da sanyi. Hawaye suka zubo mata ba ta ko share ba. Ba filin Kumbotso take wa kuka ba. Tunawa ta yi da duk daren da ta kwanta tana cewa yanzu haka wani yana sha, lada yana isa kabarin Inna.

"Kwana ɗaya, Yaya?"

"Auta..."

"Ita ma? Ita ma kwana ɗaya ka ba ta?"

"Na yi niyyar haƙawa. Wallahi na yi niyya. Abubuwa ne suka..."

"Shekara guda tana zuwa min da ƙwarya a bushe, ina cewa sharrin mafarki ne!"

Mata suka yi tsit. Gwaggo ta dafe ƙirji, ta dubi Surayya, ta dubi Alhaji, sai yanzu ta ga kamar da ke tsakanin idanunsu.

"Innalillahi. Me na yi ni Talatu?"

Dakta Fa'iza ta ajiye allunan a kan faifai a hankali. Ta matso, ta dafa gwiwar Surayya.

"Ban san me ke faruwa ba, kuma ba wanda zai gaya min sai ke. Ki faɗa min abin da tsohuwar nan ta ce. Dukansa, yadda ta faɗa."

Surayya ta ja numfashi. Ta buɗe baki.

"Surayya."

Ba Auta ya ce ba. Muryarsa a kwance take, ba tsawa, ba roƙo.

"Ranar da babanki ya rasu, ba ki kai tsawon turmin nan ba. Wa ya ɗauke ki? Wa ya kai ki makarantar kuɗi, wa ya kai ki jami'a?"

"Kai ne."

"Albashina kin san shi, ke kike buga takardar."

Ya nuna tarin allunan da haɓa.

"To kafin ki fassara, ki duba nan da kyau. Turancin da za ki tona min asiri da shi, rijiyar wa kike tsammani aka sayar aka saya miki?"

Surayya ta kalli allunan. Hajiya Doguwa. Yaron hatsarin mota. Mai ranar Litinin.

Famfon da Dakta Fa'iza ta buɗe ba wanda ya tuna ya rufe, ruwa yana ta bin ƙasa.

"Surayya," in ji Dakta Fa'iza. "Ina jin ki. Sunan wa ke jikin wanda kika rungume?"